Surukin Dakta Ba Ya Ciwo

Dakta Mahbuba ba ta shakkar kowa a duniyar nan in dai maganar ƙoda ake yi. An sha ganin ta a zauren taro, wani farfesa mai furfura ya miƙe zai ƙure ta, ta bar shi ya gama tsaf, sannan ta warware masa zancen har ya rasa inda zai sa idonsa. Takardun binciken da ta buga a kan ciwon suga da ƙoda da zuciya, in aka tara su wuri guda, sai an sa hannu biyu kafin a ɗaga. A jami'ar da take koyarwa a Dutse, ɗalibai in sun hango motarta gyara tsayuwa suke yi. Amma fa duk wannan a waje ne. Da zarar ta taka ƙofar gidan surukinta, Alhaji Bubayero, a wani ƙauye gaba kaɗan da Kafin Hausa, sai bakin nan ya mutu murus.

Ba tsoronsa take ji ba, don mutum ne mai sauƙin kai. Kunya ce irin ta gidan, wadda suka gada tun kakanni suna bin shanu. Suruki ba ya kallon matar ɗansa, ba ya kama sunanta, ita ma ba ta ɗaga ido. Ta durƙusa daga nesa ta ce, "Baffa, ina wuni," shi kuma ya amsa yana kallon turken awaki, ya tambaya ko mutanen Dutse, wato ita ke nan, sun zo lafiya. Shi ke nan, hira ta ƙare sai wani zuwan. Shekara goma sha wani abu ke nan da aurenta da ɗansa Misbahu, amma in ka ce ta siffanta maka fuskar Baffa sai ta yi ta inda-inda. Ƙafafunsa kuwa ta haddace su: dogaye, busassu, ga kaushi a dunduniya, ga wani tabo a inda saniya ta taɓa taka shi yana saurayi.

To, a gaisuwar Babbar Sallah ne ta durƙusa kamar kullum, sai ta ga ba ƙafafun da ta sani ba ne. Idon sawu ya ɓace cikin kumburi. Igiyar takalmin ta nutse a nama. Babban yatsan dama kuma an naɗe shi da wani ƙyalle. Ta gaishe shi, ya amsa wa awaki, ta tashi. Da suka koma wani bikin suna bayan 'yan makonni, ƙyallen yana nan, sai dai an canza wani, kuma a ƙarƙashin ƙamshin turaren da Baffa ya fesa akwai wani wari kaɗan wanda hancin likita ba ya kuskurewa.

Abin haushin, ita ce da hannunta ta rubuta cewa dattawan karkara ba sa zuwa asibiti sai lokacin da ba abin da ya rage illa a yanke ƙafa ko a fara wankin ƙoda. Da Turanci ta rubuta, aka buga a mujalla, aka yi mata tafi. Yanzu ga dattijon karkarar a gabanta, kakan 'ya'yanta, ita kuma ta kasa ce masa ko da "Baffa, me ya sami yatsan?" In aka bar ƙafar nan haka, ba za ta kai kaka ba. Wannan ta san shi sarai.

Ta fara da Inna, matar Baffa, don tsakanin mata kunyar tana da 'yar ƙofa. Inna ta rage murya ta ce ruwa kam yana sha kamar ba gobe, buta ba ta hutawa, kuma riguna duk sun yi masa yawa. Ta ce ta yi masa magana, ya ce ƙaya ce ta soke shi a gona, ya kuma tambaye ta ko ita ce ta zama likitar gidan yanzu. Daga nan Inna ta ja bakinta.

Sai ta koma kan Misbahu. Shi kuma ga tasa matsalar: ɗan fari ne. Baffa bai taɓa kiran sunansa ba tun da aka yanka masa rago, sai dai "wancan" ko "yaron nan", alhali yaron nan furfura ta fara fito masa a gemu, kuma mataimakin darakta ne a ma'aikatar gona. Mahbuba ta zaunar da shi a falonsu na unguwar Yalwawa, ta karanta masa abin da zai faɗa kamar mai koya wa ɗan firamare hadda. Ya ce ya gane. Ranar Asabar ya tafi da ƙarfinsa, ya dawo da yamma da jarkar nono da ƙwan zabi. Ta tambaye shi yadda suka yi. Ya ce sun yi maganar taki, sun yi maganar karsanar da ta ƙi ɗaukar ciki, sun yi maganar rijiyar masallaci. Maganar ƙafa fa? Ya sosa ƙeya ya ce ya kusa, har ya kalli ƙafar sau biyu, kuma yana jin Baffa ya lura ya kalla.

Mahbuba ta dube shi, ta dubi ƙwan zabin. Allah ya taimake shi ƙwan yana da tsada a wurinta, da a kansa zai ƙare.

Dabara ta zo mata a ofis. Tun da Baffa ba zai zo gwaji ba, gwaji zai je wurin Baffa. Ta haɗa ɗalibanta da ma'aikatan jinya, ta nemi izini, aka sanar cewa za a yi gwajin suga da hawan jini kyauta a makarantar firamaren ƙauyen. In kowa ya miƙa yatsa, ai shi ma dole ya miƙa, kuma wani ne zai soke shi, ba ita ba. Har ta yaba wa kanta.

Ba ta san wanda take wasa da shi ba. Baffa, in ana maganar alfahari da suruka, ba shi da na biyu a ƙasar nan. Duk takardar da ta buga sai ya sa an kawo masa kwafi, yana tara su a wata jakar fata. Bai san ko harafi ɗaya na Turanci ba, karatunsa na allo ne, amma ya san siffar sunanta a saman shafi, kuma ya kan ɗora yatsa a kai ya nuna wa 'yan majalisarsu ta hira. Da ya ji an aika takardun nata waje a duba ko ta isa zama farfesa, sai da ya sa liman ya saka abin a addu'ar Juma'a, har yaran ƙauyen suka iya faɗin farfesa.

Saboda haka ranar gwaji, Baffa ne ya zama uban taro. Tun da sassafe ya sa aka yi shela. Ya aika rugage uku aka taso mutane. Ya yanka tunkiya domin baƙi. Ya sa aka jibge akwatunan lemon kwalba a bakin aji, a wurin gwajin suga fa, jama'a na fitowa daga layi ana miƙa musu suna kwankwaɗa, sai da Mahbuba ta aika aka kwashe. Shi kuwa yana tsaye cikin babbar riga, jakar fata a hammata, yana tsara layi da sandarsa, yana yi wa masu tsoron allura tsiya. A ƙafarsa, abin da ba ta taɓa gani ba: safa da takalmi sau-ciki, a wannan zafin, a kan wannan yatsan.

Wata ma'aikaciyar jinya, wadda aka riga aka kitsa mata, ta matsa ta ce Baba saura kai. Ya yi dariya ya ce mai gida ba ya cin abinci kafin baƙi, a gama da jama'a tukuna. Da aka gama da jama'a aka nemi Baffa, aka ce ya tafi raka mutanen ruga. An gwada mutum ɗari da wani abu a ranar, an samu masu suga da hawan jini da ba su san suna da shi ba, an tura su asibiti. Har wata sabuwar takarda ta fito daga aikin. Mutum ɗaya da aka shirya abin dominsa, shi kaɗai ne ba a taɓa ba.

A hanyar komawa Dutse tana ta cika tana batsewa har suka wuce Kiyawa. Misbahu ne, yana tuƙi yana satar kallonta, ya ce a hankali, ai akwai Goggo Madina.

Goggo Madina taubashiyar Baffa ce, 'yar ƙanwar mahaifinsa, kuma kowa ya san tsakanin taubasai ba kunya ba kara. Abin da sarki ba zai faɗa wa Alhaji Bubayero ba, ita za ta faɗa masa a tsakiyar kasuwa ta ƙara da dariya. A Kafin Hausa take zaune, tana sayar da man shanu, gajeriya ce mai murya kamar lasifikar masallaci. Ita ma tana da hawan jini, Mahbuba ce ke duba ta, kuma ba wanda ya taɓa sayen man shanu a wurinta bai ji wannan labarin ba.

Mahbuba ta same ta har gida, ta yi mata bayani dalla-dalla. Ta roƙe ta ta bi a sannu: ta lallaɓa shi, ta ce ya rako ta Dutse ganin jikoki, in ya so daga can a san yadda za a yi. Goggo ta saurara tana gyaɗa kai, ta ce wannan ai ƙaramin abu ne, ita da lallashi aka haife ta. Tun daga yadda ta faɗi haka Mahbuba ta fara shakkar lallashin.

Suka tafi ranar Lahadi da hantsi. Misbahu ya ajiye mota a bayan makaranta ya ce shi zai tsaya gadin ta, kamar wani zai sace mota a ƙauyen ubansa. Mahbuba ta shiga ta ƙofar baya ta zauna a ɗakin Inna, wanda zana ɗaya ce ta raba shi da rumfar da Baffa ke hutawa. Goggo kuwa ta ƙofar gaba ta shiga, sallamarta tana riga ta.

Lallashin bai kai minti ɗaya ba. Ko gaisawa ba su gama ba Mahbuba ta ji Goggo tana tambayarsa yaushe ya fara noman kabewa a ƙafa. Baffa ya ce ta ji da nata tsufan, guntuwa kawai, wadda ko kan jaki sai an ɗora ta. Ta ce gara guntuwa mai ƙafa biyu da dogo mai ɗaya da rabi. Suka yi ta yi, Inna tana toshe baki da mayafi. Can sai aka ji ƙarar kujera, da "ke, ke, bari mana", sai kuma shiru. Goggo ta fizge ƙyallen.

Da Goggo ta sake magana, muryar ba ta wasa ba ce.

"Yaya Buba, wannan ba ƙaya ba ce."

"Na sani."

"Ka sani?"

"Tun bara na sani. Ciwon suga ne."

Mahbuba ta matsa jikin zanar.

Baffa ya rage murya, amma zana ba ta riƙe sirri. Ya ce tun da ya ga tururuwa na taruwa a inda yake zagayawa ya sha jinin jikinsa, don ya taɓa jin ana fassara wa mutane bayanin mutanen Dutse a rediyo. Ya hau mota ya je wata kasuwa mai nisa inda ba a san shi ba, wani mai kemis ya gwada shi, ya ce ya yi maza ya tafi asibiti. Bai je ba. Ya daina shan shayi da suga, ya koma zuma, yana ganin ya yi dabara.

Goggo ta tambaye shi ko haukan tsufa ne ya kama shi, ga likita a gidansa, likitar ma ta wannan ciwon.

Ya ce ai saboda ita ne. Ita Goggo ba ta san komai ba sai man shanu. Yarinyar nan sarauta za a ba ta, sarautar ilimi, an aika takardunta ana bincike. To a ina aka taɓa naɗa mutum ba a binciki gidansu ba? Ko auren 'yar talaka za a yi sai an aiko an tambayi asali, an tambayi ko akwai wani ciwo a dangi, balle wannan. Masu binciken nan za su zo, in ma ba su riga sun zo ba. Kwanaki wasu mutum biyu sun shigo gari da mota fara suna ta tambaye-tambaye, wai su malaman taki ne, amma shi bai yarda da su ba, shi ya sa ya sayi safa da sau-ciki. In suka koma suka ce mun je, mun tarar surukinta ma ciwon ne ke cin sa, ita da ta cika duniya da rubutu a kansa, me ya rage? Kuma ya san bakin mutanen garin nan. Da uwar wani likita ta rasu a ƙauyen gaba, da kunnensa ya ji wani Malam Tasi'u yana cewa a majalisa karatun banza ke nan, bai tsinana wa gidansu komai ba. Shi ba za a faɗi haka a kan yarinyar nan ta dalilinsa ba.

"A naɗa ta tukuna," in ji shi. "Ranar da aka naɗa ta, washegari da kaina zan je asibitin. Ƙafa ai tana jira."

A cikin ɗaki Mahbuba dariya ta taso mata, ta haɗu da kuka, ta rasa wanne za ta fara. Masu binciken da yake ɓoye wa ƙafa wasu farfesoshi ne a wasu jami'o'i da ba su san ma akwai ƙauyen nan a duniya ba, kuma an san su da ajiye takardun mutum shekara guda a kan tebur suna shan shayi a kansu. Tsohon nan ya matse ruɓaɓɓen yatsa cikin sau-ciki saboda malaman taki. Saboda ita. Ba a taɓa yi mata gatan da ya kai wannan ba, kuma ba a taɓa yi mata wanda ya ba ta haushi kamarsa ba.

Ta miƙe. Inna ta kama gefen zanenta, ta zare a hankali. Ta zagaya zanar ta fito rumfar, ta durƙusa, amma ba daga nesa ba, dab da tabarmar.

Baffa ya yi wuf ya ja babbar riga ya rufe ƙafar, ya juya fuska wajen katanga. Ya ce wa Goggo ashe da baƙi ta zo ba ta faɗa ba, a tambayi mutanen Dutse ko sun zo lafiya.

Mahbuba ta gyara durƙuso. Ta ce, tana kallon tabarma, masu duba takardun ba sa zuwa gidan kowa, rubutun kawai suke karantawa, ko sunan mijinta ba su sani ba.

Baffa ya ce wa Goggo ta gaya wa mutanen Dutse su yara ne. Mai bincike ba ya cewa ga ni na zo.

Goggo, wadda yau ta samu aikin tafinta tsakanin mutum biyu da ke jin Hausa, ta juya ta ce, "Wai ke yarinya ce."

Nan Mahbuba ta gane bayani ba zai yi ba. Ko ta kawo shugaban jami'a ya rantse, Baffa zai ce shi ma ba a gaya masa ba ne. Sai ta yi abin da ba ta shirya ba, abin da ko a mafarki ba ta taɓa zaton za ta yi ba: ta yi wa surukinta magana kai tsaye, har da sharaɗi.

"Baffa, ka yafe mini rashin kunyar da zan yi. Ƙafar nan ba za ta jira ba. In ta wuce wannan makon, ba yatsa za a yi magana ba, gwiwa za a yi. Ƙodarka ma ina jin ta fara taɓuwa. Ga mota can a bayan makaranta. In ka shiga, shi ke nan. In ba ka shiga ba, wallahi gobe da safe zan je ofis in rubuta a dawo mini da takarduna, na fasa. Sai a huta da binciken gaba ɗaya."

Kuma ba barazana ba ce. Tana faɗa ta ji har cikin ranta za ta iya. Shekarun da ta yi tana bin asibitoci da ƙauyuka, da rubutun da aka sha dawo mata da shi a ce ta gyara, duk ta ɗora su a kan tabarmar nan, kuma ba ta ji ciwon ɗorawar ba.

Kaji suna ta tsattsaga a tsakar gida. Can Baffa ya ce wa Goggo ta gaya mata ba a rantsuwa a kan irin wannan.

Goggo ta ce, "Ta riga ta rantse, ni shaida ce. Kuma ka san 'yan boko da taurin kai, ga wanda ka haifa can ya ɓuya a mota. Tashi, dogon banza, kafin ka jawo wa yarinya asara."

Baffa ya dubi ƙafar. Sannan ya ce a miƙo masa hularsa. Ya ce kuma ba sau-ciki ba, a kawo silifa, tun da abin ya zama haka. Da ya tashi tsaye sai da ya dafa kafaɗar Goggo, ita kuwa ta ce yau ga ranar guntuwa.

Tafiyar Dutse ita ma abin kallo ce. Baffa ya ƙi zama a gaba kusa da ɗan fari, ya kuma ƙi zama a baya kusa da suruka. Sai da aka yi lissafi kamar na rabon gado: Goggo a gaba, Baffa a baya ta hagu, Inna a tsakiya ta zama katanga, Mahbuba a manne da ƙofar dama. Misbahu ya tuƙa su kamar mai ɗauke da ƙwai, bai ce komai ba sai salati in an faɗa rami. Goggo ce kaɗai ta yi magana har Dutse, kuma ba ta bar kowa ya ji kewar rediyo ba.

A asibiti abin da Mahbuba ta ji tsoro shi aka gani, amma ba duka ba. Sugan ya hau inda na'urar ma sai da ta yi jim. Jini ya hau. Ƙoda ta taɓu, sai dai ba ta kai ga wanki ba, in aka bi magani aka kiyaye abinci za ta riƙe shi. Likitan tiyata, wani tsohon ɗalibinta, ya duba ƙafar ya daɗe, sannan ya ja ta gefe ya gaya mata abin da ta riga ta sani. Ya tambaya ko shi zai sanar da Baba. Ta ce a'a, ya bari.

Ta shiga ɗakin da aka kwantar da shi. An sa masa ruwa a hannu, an cire masa babbar riga, ya koma ɗan tsoho siriri a kan farin gado. Inna tana kan kujera tana jan carbi. Goggo ta fita neman ruwan alwala, Misbahu kuma yana bakin ƙofa yana karanta wata sanarwa a bango karo na ba adadi. Ba tafinta. Mahbuba ta tsaya a ƙarshen gadon tana neman ta inda za ta fara.

Shi ne ya riga ta. Yana kallon silin ya ce, "Yankewa za a yi?"

"Yatsan zai tafi, Baffa. Ƙafar za ta zauna, in Allah ya yarda."

"Da ita zan koma gida?"

"Da ita za ka koma. Har gona za ka je."

Ya shiga motsa baki, da alama lissafin yatsun da suka rage yake yi, ko addu'a. Ta ga hannunsa, wanda ba a sa wa ruwa ba, ya damƙe zanen gado tamau. Mutumin da ya yi shekara yana taka wannan ciwon bai ce wash ba, ashe allura da wuƙa yake tsoro kamar kowa. Tausayinsa ya kama ta.

Aka turo gadon tiyata, ma'aikata biyu suka shigo da fara'arsu suna ce masa sannu Baba. Ya dube su ɗaya bayan ɗaya, bai ga wanda ya sani ba.

"Yaran nan ban san su ba," in ji shi. "Ke za ki tsaya a wurin?"

"Zan tsaya, Baffa."

"Har a gama?"

"Har a gama."

Ya ce to, a tafi. Ta miƙa wa Inna jakarta da wayarta, ta kama ƙarfen gadon ta gefen kansa, suka tura tare.